A Kira Farfesa

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Ta dawo. Tun daga baranda hancina ya kama warin kulorin, na san an buɗe ɗakin baya. Mataron, shugabar nas-nas ɗinmu, ta tare ni a bakin famfo tana ɗaura leda a ƙugu, ta ce, "Farfesa, baƙuwarki ta sauka." Haka take kiran kwalara, wai baƙuwata, sai ka ce ni na aika mata da mota. Duk daga unguwar bayan kasuwa aka kwaso su, inda bututun ruwa ya fashe a cikin kwata tun ruwan makon jiya. Mun rubuta wa hukumar ruwa. Za su amsa in an gama mutuwa.

Wata uku ya rage in yi ritaya. Na so in tafi salin-alin, in kwashe littattafaina, in yi laccar bankwana, a tafa, in koma gida. To ga shi ta zo yi mini rakiya. Ba komai, mun san juna ni da ita tun ba ni da furfura ko ɗaya.

Na duba gadon bakin ƙofa, na tarar Mataron ta riga ta shirya shi, bokiti a ƙarƙashin ramin da aka huda a tsakiyarsa, ledojin ruwa a rataye. Wannan gadon nawa ne. Duk wanda aka kawo ruwan jikinsa ya ƙare, har aka taɓa wuyan hannunsa ba a ji bugu ba, nan ake kwantar da shi, kuma ba mai sa masa allurar ƙarin ruwa sai ni. Ni na kafa dokar, ban kuma taɓa jin kunyarta ba. Lokacin da na fara aiki ƙananan likitoci kan taru a kan mutum su yi ta caccakarsa har su farfasa jijiyoyin gaba ɗaya, in na zo ba ni da inda zan shiga. Na ce daga yau kada a taɓa, a kira ni. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ana kira ina zuwa.

Shayi ya zubo mini a riga da safe. Kofin ne ya cika da yawa.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Sau biyu aka kira ni, sau biyu allura ta shiga a karon farko. A rubuta wannan.

Na biyun wani direban babbar mota ne, ƙato, amma ya motse, idanu sun zurma. Na tsunkuli fatar cikinsa ta tsaya cak, ta ƙi komawa. Jijiyar irin wannan ba a ganinta, wanda ya tsaya nema da ido zai kwana a wurin. Da yatsan tsakiya ake lalubawa, a hankali, har ka ji wani abu kamar jiƙaƙƙen zare yana mirginawa a ƙarƙashin fata. Na rufe ido kamar yadda na saba, na same ta, na shiga. Kafin leda ta biyu ta ƙare ya buɗe ido yana tambayar wa ke gadin motarsa. Ɗalibai suka bushe da dariya, ni kuwa na tsare gida, don in ka sakar musu fuska sai su hau kanka.

Shiru-shiru ce ta riƙe mini hannunsa. Ita ce ɗalibata ta ƙarshe, cikakkiyar likita, tana gama digirinta na uku a ƙarƙashina. Ni na sa mata sunan, don shekararta ta farko sai da na tambayi Mataron ko yarinyar tana magana. Kai gare ta kamar me, duk lissafin bincikenmu ita ke yi, amma ka ɗan ɗaga mata murya sai ta nemi bango ta shige. Yau da na zare hannuna na ga idonta a kan yatsuna, ba a kan allurar ba. Oho mata.

Laraba, da safe kafin in fita

Malam, maigidana, ya sayo mini kofi mai murfi, irin na yara masu koyon shan ruwa, ya ajiye a gabana. Na ce, "Wannan na waye?" Ya ce, "A kanti na gani ya ba ni sha'awa." Mutumin da ko ashana bai taɓa sayowa gidan nan ba sai an tuna masa sau uku! Duk rayuwarsa lissafi ya koyar a sakandare, ƙarya ko ta yara bai iya ba. Na tura kofin gefe na sha a nawa, rabi kawai na zuba.

Alhamis, da yamma

An kafa tantuna a tsakar asibiti. Ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya

Mujalla ta dawo mana da takardarmu, wai mu gyara. Shekaru muka kwashe muna bin yaran da kwalara ta kama alhali da ma yunwa ta ramar da su, muna neman saurin da ya dace a ba su ruwa, don in ka yi sauri zuciya ta gaza, in ka yi nawa ƙoda ta tsaya. Mai tantancewa na farko ya yaba. Na biyun kuwa, wanda na rantse bai taɓa leƙa bokitin mai kwalara ba, yana tambayar me ya sa ba mu auna nauyin kowane yaro kafin ciwon ya kama shi ba. Ikon Allah! Wato mu bi gida-gida da sikeli muna cewa, sannunku, ɗanku zai yi gudawa wata mai zuwa, ku ba mu shi mu auna.

Na sa Shiru-shiru ta zauna tana rubuta amsa ina faɗa mata. Ta cire duk zagin ta bar hujjar. Da na karanta na ga ta fi tawa kyau, ban dai gaya mata ba. Da ma kwanakin nan ita ke yi mini duk wani rubutu. Na ce mata idona ne.

Shugaban tsangaya ya zo cikin kwat ɗinsa, ya tsaya can nesa da tantuna da hankici a hanci, yana tambayar taken laccar bankwanata, wai za a buga kati. Ya ce in samo take mai daraja, don manyan baƙi za su zo, kada kalmar gudawa ta fito a jiki. Na ce masa to ya nemo wata Farfesar. Ya tuna mini da uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ranar da na dawo daga karatu ta riƙe haɓa ta ce, "Yanzu duk wannan tafiyar, har ƙasar sanyi, a kan kashi?" Na ce, "Eh Inna, kuma har Farfesa zan zama a kansa." Na kuwa zama. Lokacin da na fara, a irin wannan annoba gawa muke fitarwa safe da yamma, ana layi da makara a bakin ƙofar baya. Wannan karon har yau ba mu rasa kowa ba cikin waɗanda suka iso mana da rai. Ba zan ce ni kaɗai na yi ba, amma wanda ya ce ba hannuna a ciki ya yi ƙarya.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Sau uku.

Wata tsohuwa ce, mai sayar da ganye, ba ta kai nauyin yarinya ba. Na samu jijiyar, ba wannan ba ne. Wurin shiga ne na wuce ta. Na sake, na fasa. A na ukun ta shiga. Safar hannun da suka sayo bana santsi gare ta, na kuma faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Mataron ta ce haka ne, ita ma ta lura. Ɗalibai suka yi ta kallon silin kamar an rubuta amsar jarrabawa a can. Tsohuwar ta farfaɗo, har tana mitar ba a ba ta zanenta ba.

Na shiga ofis na danne hannun damana a ƙarƙashin cinya har ya yi sanyi.

Lahadi, da hantsi

Ba safar hannu ba ce.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na haura sama wurin ɗan ajinmu, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wai gaisuwa. Yana ganina ya ce, "Ke da tun da aka gina benen nan ba ki taɓa hawowa ba? Rufe ƙofar." Ya sa na miƙa hannuwa, ya ɗora takarda a bayan na daman, ta yi ta karkarwa kamar an kunna mata fanka. Ya sa na taɓa hancina, na zuba ruwa daga kofi zuwa kofi, na jiƙa masa tebur. Ni, da furfurata, ana sa ni wasan 'yan nazare.

Ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba, ban ga dalilin ba shi masauki ba. Ya ce, "Lacca za ki yi, bincike za ki yi, jikoki za ki ɗauka. Allura ce dai..." Na ce ya ji da tumbinsa, ya fi hannuna haɗari. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wa zai karɓi gadon nan naki na ƙofa?" Na ce likitocin da na koyar ba su ƙirguwa. Ya ce, "Ba wa ya kalle ki nake tambaya ba. Wa kika taɓa bari ya yi?" Na ɗauki jakata. Tun muna aji biyu ba shi da ladabi.

Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce za su rage, ba za su hana ba.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na yi wata dabara yau, ba ta kuma yi ba.

Wajen azahar na ji an kwarara kira daga ɗakin baya, "A kira Farfesa!" Na taso a hankali. Na tsaya a bakin famfo ina wanke hannu, yatsa bayan yatsa, na ɗauraye, na sake sabulu. Na sa safa, na cire, na ce ta yi mini kaɗan. A raina ina cewa, in Shiru-shiru ta ga jinkirina, za ta ɗauki allura ta sa, in shigo in yi mata faɗan ƙarya, shi ke nan kowa ya huta ba sai an yi magana ba. Ta taga ina hango ta. Ta ɗaure damtsen mutumin, ta goge wurin, ta buɗe allura ta ajiye a tire, sannan ta harɗe hannuwa tana kallon ƙofa. Sun zura masa tiyo ta hanci suna ɗura ruwan gishiri da sukari, yana dawo da shi. Ita kuwa tana tsaye tana jirana.

Tela ne, magidanci, har da tef ɗin awo a aljihu. Na shiga, na jingina wuyan hannuna a ƙarfen gado, a karo na biyu ta shiga, da sa'a. Bugu ya dawo. Amma har yanzu bai yi fitsari ba, ko ɗigo, an kuma tura shi sashen ƙoda. Ban san nawa ne na ciwon ba, nawa ne na wanke hannuna.

Na sauke a kan Shiru-shiru a gaban kowa. Na ce, "Kina tsaye kamar gunki mutum yana bushewa a gabanki!" Ta ce a hankali, "Farfesa, ke kika ce kada a taɓa." Na ce, "In na ce ki faɗa rijiya sai ki faɗa?" Ta sunkuyar da kai, idonta ya ciko.

Mataron ta biyo ni ofis ta tura ƙofa. A gaban mutane Farfesa take ce mini, in mu biyu ne kuwa Yaya, don tare muka tsufa a ɗakin nan. Ta ce, "Yaya, ba ki kyauta ba. Yarinyar nan ko gobara ce ta tashi ba za ta taɓa gadon nan ba. Ba ita kaɗai ba, duk cikinmu. A kansa kika kori likita, kin manta? In kina so a taɓa, da bakinki za ki faɗa." Na ce wa ya ce ina so a taɓa? Ta dube ni, ta dubi aljihun rigata inda na cusa hannun, ta ce shayi za ta kawo mini ko ruwa.

Alhamis, bayan cin abincin yamma

Malam ya ce, "Likita." Haka yake kirana in zai faɗi abin da ba na so. Ya ce, "Ki gaya musu."

Na ce in tsaya a gaban yaran da na yaye in ce musu hannuna ya ƙi? Hannun da ake kawo baƙi daga wasu jami'o'i su tsaya su kalla? 'Yan watanni ne suka rage, annobar ma ta fara sauka, in lallaɓa in fita da mutuncina, a tuna ni yadda nake. Ya bar ni na gama, yana ɓare lemo, ya miƙo mini rabi. Sannan ya ce, "Telan fa?"

Ban sake yi masa magana ba. Na tsani mutumin nan in yana da gaskiya, don ba ya ko ɗaga murya balle ka samu abin kamawa.

Juma'a, da rana

Telan yana kan injin wankin ƙoda. Na je na tsaya daga bakin ƙofa, matarsa ta durƙusa tana yi mini godiya wai na ceto shi. Na ce ta tashi.

Yau ba a kawo na gadon ƙofa ba. Na gode wa Allah, na kuma san ba don marasa lafiya na yi godiyar ba.

Lahadi, ƙarfe uku na yamma

Bari in rubuta tun abin yana da zafi, ko da layukan za su karkace.

Da tsakar rana aka kawo ta a bayan motar kaya, yarinya mai tsohon ciki, cikin fari. Uwarta ce ta riƙo kanta. Ba bugu a wuyan hannu, ba a gwiwar hannu, sai can a wuya, siriri. Leɓe ya bushe, yatsu sun yamutse kamar ta yini tana wanki. Wannan karon ban tsaya a famfo ba, da gudu na zo, ni da ban tuna rabona da gudu ba. Aka dare mini hanya kamar kullum, kowa ya ja baya ya harɗe hannu. Uwar ta kama gefen rigata ta ce, "Likita, an ce in ke kika sa hannu ba a mutuwa. Su biyu ne, ki taimake ni."

Na ɗaure damtsen, na rufe ido, na laluba. Hagu babu. Dama babu, babu, sai can na ji ta, guda ɗaya tak. Yatsan yana ji kamar da, wannan bai tafi ba. Na ɗauki allura. Sai hannun ya fara. Ba irin ɗan na kofin shayi ba, sosai, bakin allurar yana yawo a iska kowa yana gani. Na jingina a ƙarfen gado, bai tsaya ba. Na riƙe shi da na hagu, suka kama yi tare. Jijiya ɗaya ce a duk jikin yarinyar nan da zan iya samu a kan lokaci, in na fasa ta shi ke nan.

Na ce, "Shiru-shiru, zo nan. Karɓi."

Ta ɓoye hannuwanta a baya. Ta ce, "Farfesa, doka..."

Na ɗago na dubi ɗakin gaba ɗaya, nas-nas, ɗalibai, har mai shara da ta tsaya da tsintsiya. Na ce, "Hannuna rawa yake yi. Kowa ya ji? Rawa yake yi, ya kuma daɗe yana yi. Ni na kafa doka, ni na sauke ta. Ke kuma karɓi allurar nan kafin in ci mutuncinki."

Ta karɓa. Na kama yatsanta na tsakiya na ɗora a inda nawa yake. Na ce ta rufe ido. Na ce, "Me kika ji?" Ta ce ba komai. Na ce, "Kina dannawa kamar ƙararrawar ƙofa, sassauta." Ta sassauta. Na ga girarta ta motsa. Ta ce, "Na ji. Tana gudu." Na ce, "Tare ta da babban yatsa, ja fatar. Yanzu shiga a kwance, kada ki yi tsaye, kada kuma ki ji tausayinta." Na janye hannuna don kada in girgiza mata nata. Ta shiga.

Jini ya leƙo a gindin allurar, baƙi, mai kauri. Mataron ta ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi, ta kama ledar ruwa da hannu biyu tana matsawa, ɗalibai suka yi layi da ledoji, wannan ta ƙare a ɗora waccan. Na riƙe wuyan hannun yarinyar da hagu ina jira. Shiru. Shiru. Sai na ji shi ya taso a ƙarƙashin yatsuna, a hankali, yana ɗingishi, sannan ya miƙe. Da jijiyoyi suka cika, Shiru-shiru ta sa ta biyu a ɗaya hannun ba tare da ta tambayi kowa ba.

A karon farko! Ni nan da nake cika baki, sai da na ɓata hannuwa ban san adadi ba kafin in iya wannan. Ita kuwa a karon farko, a kan mai ciki, ɗaki cike da idanu. A rubuta wannan ma.

Na kulle ofis na yi kuka, ba kaɗan ba. Rabi na hannun ne, ba zan ɓoye ba. Rabin kuwa daɗi ne, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka ba ni kujerar Farfesa.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Mai cikin ta yi fitsari! Mataron ta ɗauko robar tana ɗagawa sama tana zagaya gadaje, nas-nas suna tafi. Duk duniya ba inda ake murnar fitsari kamar ɗakin nan. Likitar haihuwa ta zo ta saurara, ta ce ɗan yana motsi, har harbi yake yi.

Abin da ya dame ni gaisuwa ce. Yau kowa sai ya rage murya, "Sannu Farfesa, ya jiki?" kamar wadda aka yi wa rasuwa. Wani ɗalibi har ya yunƙura zai karɓar mini jaka. Na ce in ya taɓa ta zai maimaita shekara. Shugaban tsangaya ya bugo waya wai ko zan ɗauki hutu. Na ce hannu ne ke rawa, ba kai ba, kuma taken laccata yana nan da gudawarsa.

Na kira Shiru-shiru na ce, "Daga yau gadon ƙofa naki ne. Duk wanda ba bugu, kada a taɓa, a kira ki." Ta yi jim, kamar za ta ce wani abu, sai ta ce, "To, Farfesa." Na ba ta haƙuri a kan ranar Laraba, a gurguje, ina kallon taga. Ta ce ba komai.

Talata, da yamma

Telan ya fara kawo fitsari kaɗan-kaɗan. Likitocin ƙoda sun ce a jira, ba su yi alkawari ba. Kullum zan riƙa leƙa shi.

Mujalla ta karɓi takardar. Na ce a sa sunan Shiru-shiru a gaba, nawa a ƙarshe.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Ina ofis ina haɗa littattafai a kwali na ji gudu a baranda, ƙarar gadon turawa, ana "ku ba da hanya". Na san wannan gudun. Na miƙe tsaye tun kafin in yi tunani, na tsaya ina jiran a kwarara sunana. Na jira. Ba wanda ya kira.

Ya yi mini ciwo, wallahi ya yi. Na ce zan zauna, ba ruwana. Ban kai ga kujera ba na tsinci kaina a hanya, ko farar rigata ban ɗauka ba.

Tun daga nesa na ji wata murya tana ba da umarni, a buɗe leda, a ɗaga ƙafafunsa, kai matsa ka ba shi haske. Na ce wace baƙuwar likita aka kawo mana? Na leƙa. Ita ce. Ashe yarinyar nan tana da murya, duk shekarun nan ajiye ta ta yi. Wani dattijo ne a gadon ƙofa. Kuma allurar ba a hannunta take ba. Tana hannun wani sabon likita da ya zo mana watan jiya, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana cewa, "Likita, gara ke." Ta ce, "Ba ni zan sa ba, kai za ka sa, ina tsaye. In ka kuskure sau ɗaya zan karɓa. Kawo yatsanka. Rufe ido."

Raina ya tashi. Ranar Litinin ɗin nan na damƙa mata gadon, na ce a kira ta, ita kaɗai, ga shi ko mako ba a yi ba tana raba shi ga yara. Na buɗe baki zan yi magana. Daidai nan ma'aikata biyu suka taho da kwalayen ruwa a bayana. Ta ɗan juyo, hannunta yana kan yatsan yaron, ta ce, "Farfesa, don Allah matsa daga ƙofa, kin tare hanya." Ta mayar da kanta ga aikinta.

Ni. A ƙofar ɗakina. Mataron ta toshe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa.

Na matsa.

Na fito baranda inda 'yan jinya ke jira. Daga ciki na ji ta ce, "Yawwa, ka shiga. Kada ka motsa. Ruwa!" Wani mutum da ke zaune a benci da buta da bargo a cinya ya gyara mini wuri. Bai san ni ba. Ya ce, "Mama, zauna nan, kada ki sake ki leƙa, likitar nan ba ta da wasa. Amma ki kwantar da hankalinki, ta san aikinta."

Na ce masa na sani. Na zauna kusa da shi, muka ci gaba da sauraronta.